Yadda Na Je Kano Dawo da Baba

Duk Bunkure babu wanda katako ke tsoro kamar ni. Ƙotar da na sassaƙa ta isa a zagaye Kano da shinge. Shi ya sa da Inna ta ce fuskar marigayi Baba ta fara ɓace mata, ga shi bai bar hoto ko ɗaya ba, na ce ta ba ni kwana biyu.

Hanya

Ana idar da sallar asuba na shiga motar tumatir, gwiwata a haɓata. A shingen titin Zariya jami'i ya leƙo.

"Kai kuma wane kaya ne?"

"Ranka ya daɗe, wanda bai nuna ba," in ji direba.

Kano

Adaidaita ta sauke ni wani tsohon shago, inda masu zane suka farfaɗo da sana'ar da aka manta. Su sassaƙa hoto a allon katako, su shafa tawada, su danna a takarda. Bango cike da hotunan marina da 'yan dako, mutanen da ba a ratayawa a falo. Na daɗe ina kallo, bakina a rufe, abin da iyalina ba su taɓa gani ba.

Malama Rabi, mai wurin, ta ba ni allo.

"Alhaji, ka tuna takarda tana juya hoto, dama ta koma..."

"Malama, da katako aka yanke min cibi."

Na sassaƙa Baba a tsugune bakin kanal ɗin ban ruwa, yana cin tuwon da Inna ke aika masa gona. Na ci gurasa, na kwana gidan aminina a Kumbotso, yatsuna na zogi. Washegari muka danna, muka ɗaga takarda. Ga Baba nan, har ranƙwafawar kafaɗarsa. Ƙwalla ta hana ni duba sauran.

Gida

Na iso da la'asar, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Malama Rabi, da direban da bai sayar da ni ba.

Inna ta karɓi takardar ta matsa bakin ƙofa. Ta bi hular da yatsa, ta bi kafaɗar. 

"Shi ne," ta ce a hankali, ta sa shi ƙarƙashin matashinta. "Amma Sule, duk zamana da ubanka ban taɓa ganin ya ci tuwo da hagu ba."