Idan Mota Ta Mutu a Tsakiyar Gero

Sai da na haura shekara arba'in sannan na fara riƙe sitiyari. Motar ta yayana ce, tsohuwa mai ruwan ƙasa. Da ya samu aiki a kudu sai ya ajiye ta a ƙofar gidana a Bagwai, ya ce ko in koya ko in sayar. Na zaɓi koyo. A filin makarantar firamaren da nake koyarwa na riƙa zagaye da ita bayan an tashi, har hannuna ya saba da giya. Mahaifiyata, Inna, ita ce ta sa na dage. Tana zaune a ƙauyenmu can wajen Kunci, ta ƙi barin ɗakinta da tumakinta, ga shi ƙafafunta sun daina yarda da hawa babur. Duk Asabar nakan je in duba ta, wani lokaci in ɗauko ta in kai ta asibiti.

Rabin hanyar kwalta ce, rabi burji. Daga inda kwalta ta ƙare, gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, ba inda aka bar ƙasa ta huta.

Ranar da motar ta fara mutu mini, ana tsakiyar marka. An yi ruwa da safe, rana ta buɗe bayan azahar. Gero ya fi motar tsayi ta dama da hagu, sai na ji kamar ina tafiya a cikin lungu mai koren bango. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, ta gangara da kanta ta tsaya kusa da wani gawo. Na murza makulli har na gaji. Na fita na ɗaga bonet na tsaya ina kallon injin, alhali ban san sunan komai a ciki ba sai batir. Na duba waya, babu sabis. Na koma na zauna na sauke gilashi.

Ban taɓa sanin gero yana da murya ba sai ranar. Iska na ratsa ganyensa, yana wani sauti kamar ana zuba ruwa a randa daga nesa. Kurciya na kuka a kan gawon. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na bununi ya cika motar. Tsoron da na fara ji ya sake ni a hankali, har gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga motar ta zama kwalekwale, gonakin sun zama ruwa kore shar, ina tafe a kai ba mai tuƙi. Can gaɓa na hango marigayi mahaifina zaune a kan buzunsa yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago ba, ni ma ban kira shi ba.

Hucin wani abu mai ɗumi a kumatuna ne ya tashe ni. Bijimi ne fari ya zuro hanci ta taga. A bayansa akwai wani ja, an haɗa su da karkiya ɗaya, sai wani dattijo siriri mai malfa yana riƙe da igiyarsu. Daga huɗar wake suke.

"Sannu, Malama," in ji shi. "Ta gaji ne?"

"Ta mutu, Baba."

Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya ɗan jima. "Abin da ya mutu ba ya ɗumi haka. Suma ta yi."

Bai tambaye ni ko ni 'yar wane ce ba. Ya kwance garmar ya jingine ta a gindin gawo, ya durƙusa ya ɗaura igiya a ƙarfen gaban motar, ya ce in shiga in riƙe kanta kawai, sauran aikin na bijimai ne. Haka muka tafi. Hanyar da na saba wucewa cikin ƙiftawar ido, ranar na gan ta taku bayan taku. Ashe akwai rijiya a bayan wata kuka, da wasu kaburbura uku da aka kewaye da aduwa. Balbelu suka biyo mu, ɗaya har ta sauka a kan rufin motar, ina jin takunta a saman kaina.

Gidansa na bakin wani ɗan ƙauye, kusa da ƙaramin coci na ƙasa mai rufin kwano. Matarsa ta fito, gajeriya mai zane a kumatu, ta kawo mini ruwa a ƙwarya. Da ta ga ina duban rana, sai ta shiga ta ɗauko buta da sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas. Ina sallar la'asar, dattijon ya hau kan wani suri a bayan gida, inda ya ce nan kaɗai waya ke kamawa, ya kira wani bakanike a Bagwai. Mutumin ya zo a kan babur da jakar kayan aiki a baya. Ya leƙa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce wayar famfon mai ce ta saki saboda gargada. Kafin in naɗe tabarma motar ta tashi.

Gab da magariba na isa wajen Inna. Ta saurari labarin duka, sannan ta ce, "Yau ke kaɗai ce. Ranar da nake ciki fa, numfashina yana sama?"

Maganar nan ta zauna mini a rai. Duk sanda na sauka daga kwalta sai in riƙa kasa kunne ga injin, ko tsakuwa ta buga ƙasan motar sai in ɗauka za ta mutu. Wani abokin aikina ya ce a birni akwai inshorar da ake biya sau ɗaya a shekara, duk inda mota ta lalace a turo maka janwe ya ɗauke ta. Da aka yi hutu na shirya na tafi Kano.

Ofishin yana hawa na biyu, sanyi kamar cikin tulu. A bango an rataye hoton wata hanya mai santsi da ta ratsa duwatsun wata ƙasa, babu ko rami ɗaya. Na daɗe ina kallonta kafin a kira ni. Wata matashiya mai farin gilashi ta karɓe ni da fara'a. Da ta faɗi kuɗin, sai da na ce ta maimaita, don ya fi ƙarfin albashin malamar firamare. Duk da haka na daure na tambaya, ko a rage wani abu.

"Akwai mai sauƙi, Hajiya," ta ce. "Amma janwenmu a kan kwalta yake aiki, cikin birni da kewaye. Wace hanya kike bi?"

Na faɗa mata. Ta juyo da kwamfutarta ta buɗe taswira, muka bi layin kwalta da yatsa har inda ya ƙare. Daga nan babu komai sai kore. Ta ƙara girman hoton, koren ya ƙara faɗi. Ƙauyenmu da kasuwarsa da masallacinsa da Inna duk suna cikin wannan koren, ba ko ɗigo.

Ta rage murya. "Gaskiya, Hajiya, da mahaifiyata ce ke, da na ce kada ki biya. Ranar da kike buƙatarmu ba za mu iso ba."

Na yi mata godiya. A hanyar komawa na tsaya wajen masu janwe a bakin titi kusa da Dawanau. Suna zaune a inuwar motocinsu suna cin gyaɗa. Babbansu ya ce su ba sa yin alkawarin shekara, sai abu ya faru a kira su su ga nisa su yanka. Da damina kuwa ba sa shiga burji, don janwen ma sai ya nemi mai jansa.

Asabar ta zagayo na ba Inna labari. Tana tsince tsakuwa daga cikin wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Mutumin da shanunsa suka ja ki, kin koma kin gaishe shi?"

Ban je ba. Kusan wata guda ke nan, kullum ina wuce mararrabar ƙauyensu ina cewa sai wani satin.

"Kin tafi har birni neman igiya," ta ce, "ga mai igiya a kan hanyarki."

Washegari na sayi goro da sukari da sabulu na tafi. Na tarar sun taso daga coci, dattijon na ba bijimai harawa. Bayan gaisuwa na gaya masa abin da ke tafe da ni. Na ce ina so mu yi magana tsayayya, duk ranar da motar ta tsaya a yankinsu in kira shi, ni kuma in riƙa ba shi wani abu duk shekara.

Ya yi dariya a hankali. "'Yata, don na ja mota za a biya ni? Ai hanya ce ta haɗa mu."

"Baba, idan ba ka karɓi komai ba, zan ji nauyin kiranka. Kuma ranar da zan kira, wataƙila da mara lafiya a ciki."

Ya daɗe yana shafa tozon farin bijimin. Sannan ya ce akwai abu ɗaya. Duk kaka masu saye suna zuwa har ƙofar gida su taya wakensu yadda suka ga dama, su kuma ba su da abin kai shi kasuwa. Idan zan ɗauki matarsa da wakenta sau ɗaya a shekara in kai su Dawanau, shi ke nan, shi da bijimansa nawa ne rani da damina.

Daga nan na wuce garejin bakaniken. Na same shi kwance a ƙarƙashin wata a-kori-kura, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ji bayanina. Ya ce zai zo duk inda nake tsakanin Bagwai da Kunci, in sayi abin da ya lalace in zuba masa mai a babur, kuɗin hannu kuwa a bar shi. Sai ya kau da kai, ya ce shi ma yana da buƙata amma yana jin kunya. Maiɗakinsa tana sana'ar awara, masu saye suna turo mata saƙo a waya, ita kuma ba ta iya karatun boko ba, kullum sai ta jira ya dawo.

"Ta zo gidana duk Alhamis bayan la'asar, Malam," na ce.

Babu takardar da aka rubuta. Wata Asabar muka haɗu mu uku a ƙofar gidan dattijon, aka maimaita maganar a gaban matarsa, aka fasa goro, kowa ya yi addu'a irin tasa.

A shekara biyun da suka biyo baya sau uku na kira su. Ɗaya daga ciki da Inna a motar, muna dawowa daga asibiti, lagireto ya tafasa. Na shimfiɗa mata zane a gindin ɗorawa. Kafin bakaniken ya iso, dattijon ya riga ya zo da bijimansa, ko da ba a buƙaci ja ba. Suka zauna shi da Inna, tazarar tabarma guda a tsakaninsu, suna lissafa mutanen da. Ashe a kasuwa ɗaya iyayensu suka ci, kuma wanzami ɗaya ne ya yi musu zane. Suna ambaton sunayen da ban taɓa ji ba, suna cewa Allah ya jiƙan wance, wane ma ya tafi. An gama gyara da daɗewa, ba wanda ya yi niyyar tashi.

Matar bakaniken kuwa kafin damina ta zagayo ta fara karanta saƙonninta, har ta turo mini nata na farko, kalma uku, biyu daidai.

Kakar farko na cika alkawarin dattijon. Muka cusa buhun wake a but, wani a kujerar baya, motar ta durƙusa kamar raƙumi. Matarsa ta ci ado da atamfa shuɗiya, ta zauna a gaba, ta ce ba ta taɓa zama a nan ba, kullum a bayan a-kori-kura take tafiya tare da awaki. Ta roƙe ni kada in yi gudu. An yanke gero an jera dammuna a gonaki, sararin ya buɗe har ƙarshen gani. Tana ta nuna mini ƙauyuka tana faɗin wadda aka aurar a kowanne.

A Dawanau ta tsaya a bakin layin masu wake, ta kalli buhuna tsibi-tsibi har rufin rumfa, ta ce ashe duniya na cin wake haka. Amma da aka zo ciniki ba ta yi sanyi ba. Mutum uku ta bari suka wuce, na huɗu ta sallama masa. Ta sayi gishiri da manja, da takalmin roba na dattijon, da ƙaramar rediyo mai cajin rana.

Da muka doshi ƙauyensu da yamma, ta taɓa hannuna.

"Malama, wannan abin da kike dannawa ya yi ƙara, zan iya?"

Na rage gudu na nuna mata tsakiyar sitiyarin. Ta miƙo hannu ta danna sau uku. Kaji suka watse, mata suka leƙo ta kan danga. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta zauna daram, ba ta buɗe ƙofa ba sai da dattijon ya zo da kansa ya buɗe mata.