Aljihun Anti Cinye

Duk rigunan Anti Cinye suna da aljihu a gefen hagu, kuma aljihun ya fi sauran rigar koɗewa saboda yawan cuɗa. Ba wanda ya taɓa lura. Abin da mutane suka sani shi ne ita ce malamar ajin ƙanana a makarantar renon yara da ke bayan gidan mai, kuma daga bakinta ta samo sunan. Yaro bai isa ya tashi daga gaban kwano ba sai ya ji, "Cinye, cinye duka!"

Ta daɗe a aikin. Wasu daga cikin waɗanda ta share wa majina yanzu su ke kawo mata nasu. In iyaye suka yaba mata kan yadda take sa yara cin kayan lambu, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai karas maganin ido ne," ta gyara tabaranta mai kaurin gindin kwalba.

Maganar gaskiya, ita da karas ko a hanya ba sa gaisawa. Kabeji kuwa ƙanin karas ne a wurinta. Har yau tsohuwarta ke tsince mata su daga shinkafa, tana mita: "Mace har da furfura, ana yi mata tsintar abinci kamar 'yar yaye." Abincin Anti na asali burodi ne da shayin da cokali zai iya tsayawa a cikinsa don sukari.

Da can asirinta a rufe yake, malamai a ofis suke cin nasu. Sai Shugabar makaranta ta je wata bita a otal mai sanyi, ta dawo da albishir cewa an gano yara na son iska. Aka fito da tabarmi gindin bishiya. Aka cika tsofaffin tayoyi da ƙasa, yara suka shuka karas da kabeji. Aka kuma kafa doka: malama za ta zauna tabarma ɗaya da yaranta, ta ci abin da suke ci, don su yi koyi. Ita Shugaba a ofis take cin nata, saboda yawan aiki.

Nan aljihu ya samu aiki. Anti za ta kai karas bakin leɓe, ta motsa muƙamuƙi, ta lumshe ido ta ce, "Kai, daɗi!" Hannu kuma ya sulale ƙasa.

Akwai wata 'yar siririya a ajin, ana ce mata Jela, don duk inda Anti ta sa ƙafa nan take sa tata. In Anti ta yi tari, Jela ta yi. Wata safiya uwarta, wadda tela ce, ta tsaya a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuya.

"Anti, ki taimake ni. An ce jinin yarinyar nan ya yi ƙasa, sai ta riƙa cin kayan lambu. Ni kuma kullum na zo wanki, sai in tarar da karas a aljihunta. Har 'kai, daɗi' take ce mini, 'yar nema! Ban san wane mara tsoron Allah ya koya mata ba."

"Yaran zamani ke nan, Maman Jela," in ji Anti, tana kallon bango.

"Na ɗinke aljihunan duka. Yanzu kuma ko ɗauka ba ta yi. Ke kaɗai take jin maganarki."

Ranar ce kuma aka tono karas ɗin tayoyi, 'yan ƙanana, a karkace kamar yatsun tsohuwa. Yara suka wanke su a bokiti, suka wanke juna, aka zauna. Jela ta manne a gefen hagu, daidai bakin aljihu, ta rungume hannu.

"Jela, cinye."

"Ba ni da wurin sawa, Anti."

"A baki ake sawa."

"Ke ma?"

Anti ta dubi wuyan yarinyar, siriri kamar igiyar takalmi. Ta dubi karas ɗin da ke hannunta, har da ɗan gashinsa. Ta yi bismillar da ba ta taɓa yin mai nauyinta ba, ta gatsa. Ƙarar ta cika mata kai. Ɗanɗanon ƙasa da sabulu ya bi ta hanci, hawaye suka taru bayan tabarau.

"Anti tana kuka!" in ji wani yaro mai ƙaton ciki.

"Daɗi ne ya yi mini yawa. Ci naka."

Jela ta leƙa bakin Anti sai da ta tabbatar an haɗiye. Sannan ta gatsa nata, ta yamutse fuska irin yadda Anti ta yi, ta matso hawaye, ta haɗiye. Ta miƙo wani.

"Saura wannan. Ke fara."

Suna cikin na uku Shugaba ta fito tana share maiƙo a baki, ta ɗauke su hoto da waya.

"Kun gani? Abin da na faɗa ke nan. Malama, tunda ajinki na son kayan lambu haka, na bar muku kabejin gaba ɗaya."

"Allah ya saka da alheri," in ji Anti.

Da aka tashi, ta naɗe tabarmi, ta jingine su a bayan ƙofa. Ta ɗebo ruwa a buta, Jela na biye da ita da kofi, ta zuba wa kabejin. Ba da yawa ba.