Ranar da likita ya sa Inna ta saurari ƙirjin matata

Akwai wata safiya a farkon shekarar 1970 da ba ta taɓa barin zuciyata ba, kuma ba na jin za ta bari har in koma ga Allah. A lokacin ina ɗinki a unguwar Alabar, a ƙasar Asante, muna zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa, ni da matata da 'yarmu mai shekara biyu.

Tun ƙarshen shekarar da ta gabata numfashin matata ya fara gazawa. In ta ɗauko bokiti daga famfo sai ta tsaya sau uku kafin ta iso ƙofa. Ga tari, wata rana har da ɗan jini. Tsohuwar da ke riƙe da gidan, wadda kowa ke kira Inna, ta ce tarin fuka ne, ta sha ganin irinsa. Ba mugunta ta sa ta faɗa ba, gidan cike yake da yara. Ta ce a raba uwa da 'ya, ni kuma da hannuna na kai yarinyar wurin yayata a Asokore Mampong. Matata ba ta yi mini musu ba. Bango kawai ta juya ta fuskanta.

Wata biyu muna haka kafin na kai ta babban asibitin da ke wajen Bantama. Likitan da muka samu Ba'asante ne, matashi, Hausarsa ta kasuwa ce. Sau uku aka gwada kakinta ba a ga komai ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗaura mata wayoyi a hannu da ƙafa. Shi kuma ya kwantar da ita a kishingiɗe, ya daɗe yana kallon jijiyar wuyanta yadda take harbawa. Ya danna ƙafarta da yatsa, gurbin ya zauna. Ya hau matakala tare da ita yana ƙirgawa, a ta tara leɓenta ya yi duhu, ya ce ta zauna. Ya tambaye ta ko ta yi tsargiya tana yarinya, ta ce duk yaran ƙauyensu na bakin rafi sun yi.

Sannan ya ce hawan jini ne. Na ce ai an auna hannunta an ce lafiya lau. Ya ce wannan ba ya nunawa a hannu, a cikin huhu yake: mai yiwuwa tsargiyar nan ce ta sa hanyoyin jinin suka ƙuntace, zuciya na turawa da ƙarfi har ta gaji. Bai ɓoye mana ba cewa ainihin awon sai an zura siririn bututu har cikin zuciya, shi kuma ba shi da kayan, amma duk alamun sun taru wuri ɗaya. Ya ce akwai abin rage kumburi, babu na warkewa.

Matata ce ta tambaya, a hankali: "Dokta, ana ɗauka?"

Ya ce sam. Da ya ji dalilin tambayar sai ya ajiye alƙalami, ya ce in zo masa da wadda ta ce tarin fuka ne. Na ce ya rubuta takarda mana. Ya ce takarda ba ta kayar da maganar tsohuwa.

Washegari Inna ta zo tana mita, wai ita ba ta yi karatun boko ba balle a kira ta shaida. Likitan ya gaishe ta da Twi, yarensu na Asante, ya ba ta kujerarsa, ya sa mata abin sauraron ƙirji a kunne. Ya fara ɗora shi a ƙirjinsa, sannan ya mayar kan na matata, gefen hagu daga sama. Inna ta kasa kunne tana saurare.

"Naka a hankali yake rufe ƙofa," in ji ta. "Nata kamar da fushi ake bugo ta."

"Maame, abin da na ji ke nan," in ji shi, don haka suke kiran uwa da Twi. "Ciwon yana ciki, ba ya fita zuwa jikin kowa."

Matata ta tambaya ko za ta iya goyo. Ya ce goyo a'a, amma cinya ba ta da laifi.

Inna ba ta bi mu gida ba. Daga ƙofar asibiti ta hau mota zuwa Asokore Mampong, kafin la'asar ta shigo da yarinyar a bayanta, ta sauke ta a gaban dukan matan gidan, ta ce ita ta yi kuskure, a yafe mata.

Wata bakwai matata ta ƙara, Allah ya ji ƙanta. A cikinsu babu ranar da 'yarta ta yi nesa da ita. Likitan bai warkar da ita ba, kuma bai taɓa cewa zai iya ba. Amma tun daga nan na daina yanke wa ciwo hukunci da zato. Na gane cewa sanin ainihin cuta rahama ce ko da babu magani, domin wata biyun da zato ya ci mana har yau ban sami wanda zai mayar mini da su ba.