Gurbin Gireda a Akwatin Yaya Isufu

Shekara bakwai ke nan da muka rasa yayana Isufu, wanda mutanen Agiye suka fi sani da Isufu Gireda. Ni ce autar gidanmu, ni ce kuma na fi kowa tsokanarsa, don haka ni ya kamata in yi wannan waiwaye.

Rabin rayuwarsa a shantiye, wato wurin aikin gyaran hanya, ya yi shi, yana tuƙa gireda, motar nan mai doguwar wuƙa a ƙarƙashin ciki, wadda ke baje ƙasa ta daidaita tudu da kwari. Da ƙarfi ya ƙare ya dawo gida, sai ya ɓullo da wani hali na tara ƙananan motocin aiki. Ba irin na roba da ake saya wa yara ba, na zubin ƙarfe ne masu nauyi a hannu, komai nasu kamar na gaske. Sarƙar ƙafar katafila tana juyawa, tifa tana ɗaga baya ta zubar da yashi. Wurin ƴan gwanjo a Maradi yake tsinto su, wani lokaci ya shekara bai samu ko ɗaya ba. Ya sa kafinta ya yi musu akwati mai gilashi, wanda ya fi jeren amarya shan goga.

Nakan ce masa, “Yaya, da furfurarka kake wasan yara?” Sai ya ce, “Hadiza, yi a hankali, su suka ciyar da ke.” Da gaskiyarsa, don bayan rasuwar mahaifinmu da wannan aiki ya riƙe ni har na gama karatuna a lakol.

Jerin nasa yana da doka. Katafila ce a gaba don ita ke share daji, sai mai haƙa, sai tifa, sannan wani gurbi da babu komai, sai rola mai daddale ƙasa a ƙarshe. Gurbin nan na gireda ne. Motar da ya tsufa a kanta ita ce ya nema ya rasa. An ce mai nema yana tare da samu, amma Yaya har ya koma ga Allah bai same ta ba. In baƙo ya tambaye shi wadda ya fi so, amsarsa ɗaya ce: mota guda ba ta yin hanya.

Ƴaƴa biyu ya bari, babbansu Habu mai sayar da hatsi a Gidan Rumji, da Rabi da ke aure a Gangara. Ranar rabon gado kowa ya ɗauki nasa abin tunawa daga cikin motocin, aka bar mini akwatin wayam. Ba a jima ba suka ɓata a kan wani gawo da ke iyakar gonakinsu. Habu ya sa an sassare shi, Rabi ta aika masa da magana mai zafi, magana kuwa zarar bunu ce. Tun daga nan ko gaisuwar salla babu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Hanyar da ya sha ƙurarta ta yi santsi, mota na kai mutum Gidan Rumji kafin fura ta yi tsami, ga waya a hannun kowa. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ƴaƴansa ta ƙi takawa. Wannan ya fi mutuwarsa yi mini ciwo, ba na ɓoyewa.

Bana na je Maradi sayen kwanuka, sai ga ta a kan buhu, tsakanin tsofaffin takalma: ƴar gireda ruwan ɗorawa, wuƙarta na motsi. Na tsaya ina hawaye a tsakiyar kasuwa, mai kayan ya zaci ko aljihuna aka yanka. Na saye ta, na aika wa su biyun cewa ranar addu'ar ubansu kowa ya zo da motocin da ke hannunsa.

Rabi ta iso da hantsi, nata ƙulle a cikin zane. Aka yi addu'a, aka raba sadaka, mutane suka watse, babu Habu. Ta zauna a tabarma tana jerawa, ta sa gireda a gaba don girmama ta. Bayan la'asar, na riga na cire rai, sai ga sallamarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai dubi inda take ba. Ya fito da tifa da rola daga jaka, ya daɗe yana kallon akwatin.

“Rabi, ba nan take ba,” ya ce. “Bayan tifa Baba ya bar mata wuri.”

Ta matsa gefe a kan tabarmar. “To zo ka gyara, Yaya.”

Hanyoyin da Isufu ya daidaita an sake shimfiɗa wasu a kansu, babu inda aka rubuta sunansa. Maganar gawo ma ba a gama ta ba, ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Abin da ya rage nasa shi ne jerin nan da ƴaƴansa ba su manta ba. Akwatin yana ɗakina yanzu, gurbin ya cika. Habu ya kwana a Agiye, kuma da safe shi ya ɗaukar wa ƙanwarsa kaya zuwa tasha.