Ajin da ba shi da rufi

Shekarar da aka turo ni koyarwa wani ƙauye gaba da Tirmini, na tarar ajina ba shi da ko bango. Direktan lakwal ɗin, wato makarantar, ya nuna min wani fili da gawo guda, ya ce nan ne. Ajin zana ake yi mana, kuma iyayen yara ba sa kawo kara da zana sai sun gama girbi. Kafin nan, in nemi inuwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ɗan unguwar Kara-Kara ne a Zinder, a siminti na tashi, kuma a lokacin ina ganin duk wanda ba ɗan Damagaram ba bai waye ba. Ga zafin zuciya da na gado. Na jingina allo a jikin gawon, iska ta kayar, na tayar, ta sake kayarwa. Rana ta uku na gaji, na ce wa yaran su tashi mu zaga gonaki. Ba dabarar koyarwa ba ce, haushi ne kawai.

Akwai wani yaro a cikinsu, ɗan wajen shekara tara, mai in'ina. In'inar har idonsa take rufewa, wuyansa ya kumbura, kalmar ta ƙi fita. Kullum yana can baya, ko kiran suna na yi sai dai ya ɗaga hannu. Ni ma na saba tsallake shi.

Muna cikin tafiya na nuna wani ɗan itace, cikin gadara na ce wannan sabara ce, da Faransanci kuma ga yadda ake cewa itace. Yaran suka riƙa danne dariya. Sai na ji murya daga baya tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal.

"Mushe, kalgo ne."

Shi ne. Kalma uku, ba ko tuntuɓe. Ya tsinko ganyen ya nuna min yadda ya rabu biyu kamar kofaton akuya, ya ce ɓawonsa ake ɗaure dami da shi. Kunya ta kama ni, amma na daure na ce ya wuce gaba ya ja mu.

Daga ranar shi ne jagora. Ya san inda zomo ya kwana, ya san gonar da fara ta ci wa ganye, ya san rijiyar da ba a matsawa kusa da bakinta. In yana bayani hannunsa na kan abin, idon yara ma na kan abin, ba a bakinsa ba, sai maganar ta zo masa. Da 'ya'yan aduwa ya koyi ƙirga da Faransanci. A kan yashi ya fara rubutu da tsinke, in ya ɓata ya shafe da ƙafa, ba mai gani. Har tsokanata ya fara yi, ya ce takalmana na birni ƙaya ta fi so. Na so yaron nan, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya ubansa ya tare ni a hanya, dattijo mai awaki. Ya ce, "Mushe, na ba ka yaro ka koya masa takarda, kai kuma kana yawo da shi a daji. In daji ne, ai ina da awakin da zai bi." Na ce, "Baba, ka bar min shi zuwa ƙarshen shekara, za ka ji yana karatu da bakinsa." Ya ce to, ya bar min.

Da aka gama girbi aka kafa ajin. Duhu, zafi, yara a matse kan tabarmi, kowa na kallon bakin wanda aka tayar. Direkta ya ce yawon ya isa haka, mai duba makarantu yana tafe daga Zinder. Ban yi musu ba, don ina son a rubuta ni da kyau a mayar da ni gari. Na ga yaron ya koma baya ya lafe, na ga in'inar tana dawowa, na ce a raina zai saba.

Ranar da baƙon ya zo, ya zauna a kujerata da takardunsa, ya ce in tayar da wanda na fi yarda da shi ya karanta layin da ke allo. Ina da yara biyar da za su karanta layin nan ido rufe. Amma ina son in nuna abin da na yi da hannuna, sai na kira shi.

Ya tsaya gaban allo. Ya san layin, ya sha rubuta shi a yashi. Bakinsa ya buɗe, harafin farko ya maƙale. Ya rufe ido, ya buga ƙafa a ƙasa, yawu ya zubo masa a haɓa. Wani ya tuntsire da dariya, ajin duka ya ɗauka. Baƙon ya dube ni, ya sunkuya ya yi rubutu. Ni kuma na ji kaina ya ɗau zafi, na kwaɗa wa yaron mari, na ce masa jaki. Da Hausa na faɗa, don kowa ya ji.

Bai yi kuka ba. Ya koma ya zauna har aka tashi. Washegari bai zo ba, jibi ma haka.

Sai da na yi mako ina jan ƙafa kafin na je gidansu. Na tarar da uban a ƙofar gida yana gyaran igiya. Muka gaisa, na ce na zo biko.

Ya ce, "Ba ni na hana shi ba, Mushe. Na tambaye shi, bai ce min komai ba. Yaron da yake kiran awakina da baki su taho, yanzu sai jifa yake yi musu. Ko uwarsa sai dai ya gyaɗa mata kai." Ya ajiye igiyar ya dube ni. "Me aka yi masa a lakwal?"

Yaron yana tsaye a bakin zaure yana jinmu. Na ce, "Wallahi Baba, ban sani ba."

Yaron ya ji ni sarai, kuma na san ba zai iya ƙaryata ni ba, shi ya sa na faɗa.