Motar da Ba a Kashewa

A Agadas, in ka ce Bahago mai gyaran mota, ba wanda zai tambaye ka wanne. Garajinsa rumfar kwano ce a kan hanyar Dabaga, da tabarma, da butar shayi, da tarin ƙarafan da shi kaɗai ya san amfaninsu. Ɗan maƙera ne daga tsohon gari. Ubansa ya so ya zauna ya ƙera azurfa, shi kuwa tun yana yaro hankalinsa na kan duk abin da ke ƙugi yana hayaƙi. Ya yi 'yan shekaru a Anu Araren yana gyaran motocin da ke jigilar gawayi, ya dawo gida da tari da kuma kunne. Kunnen nan ne jarinsa, don mota kan gaya masa ciwonta tun ba a buɗe kapo, murfin injinta, ba.

Mutum ne mai saurin ƙyama, amma ba ta baƙin mai ko ta zufa ba. Abin da ke tayar masa da zuciya shi ne aikin ha'inci. In ya ga inda aka ɗaure abu da waya aka shafe da fenti don kar mai mota ya gani, sai ya tofar da yawu, ya wuni yana tsaki. Matarsa Kadidiya kan ce ranar da ya ci karo da irin wannan aiki ko gishirin miya sai ya yi masa laifi.

Yana da ƙane, Tijjani, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, shi ya koya masa tuƙi, kuma har suka yi iyali kwano ɗaya suke ci a zauren gidan Inna, mahaifiyarsu. Tijjani na tuƙa wa wani ɗan kasuwa tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai shiga rairayi, yana kai fasinja da kaya Segedin, can cikin Tenere, inda sai ka wuni kana tafiya ba ka ga ko tsuntsu ba.

Wata hantsi Bahago na zaune sai ya ji wata mota tafe tana kururuwa. Ta tsaya a bakin rumfa, direba ya sauko, amma moter, wato injin, na ta ihu kamar ana taka ta. Bahago ya ɗaga kai ya ga Tijjani.

"Yaya, ralantinta ya yi yawa," in ji Tijjani. "Tana shan esansi kamar raƙumi a bakin rijiya. Gobe za mu tashi. Ka ɗan rage mini, kaɗan dai."

Bahago ya buɗe kapo. Ya ja wayar akselerate mai ba mota wuta, ya ga ba ta maƙale ba. Ya duba bis, 'yar ƙusar jikin karburate da ake daidaita ralanti da ita, wato ƙugin moter in mota na tsaye, ya tarar an murɗa shi ciki sosai, ga sabon karce a kansa. Ya yi tsaki na farko. Ya sa turnabis ya sassauta, ƙarar ta ɗan sauka, amma ba ta kwanta ba, tana hawa tana sauka. Ruwa ba ya tsami banza, ya san iska na shiga ta inda bai kamata ba. Ya ɗebo esansi a murfin gora yana ɗigawa a kan robobin da ke kewaye, yana kasa kunne. Da ya zo kan wata ƙaramar duriti, tiyon roba, sai muryar moter ta sauya.

Ya laluba ya ciro ta. Ta tsage, an liƙe tsagar da tattaunannen dabino da sabulu, an naɗe da tsumman rawani, zafi ya busar da liƙin ya farfashe.

"Wannan aikinka ne?"

"A hanya ta tsage, Yaya."

"A hanya ba laifi. Dabino da sabulu sun kawo mutane da yawa gida. Amma ka shigo gari ka bar shi? Motarka ce ko kwanon buɗa-baki?"

Ya yanko sabuwar duriti ya saka, ya koma kan bis ɗin yana juyawa a hankali har moter ta lafa, tana numfashi kamar jariri ya ƙoshi. Nan ne kawai fuskarsa ta saki. Tijjani kuwa sai ya kama susar ƙeya.

"Yaya, ka ɗan ƙara mata. Ta yi ƙasa da yawa."

"Ƙasa? Haka aka yi ta."

Bahago na da ƙa'ida, ba ya miƙa mota sai ya kashe ta ya sake tayarwa. Ya zura hannun hagunsa ta taga. Tijjani ya daka tsalle yana cewa, "Kar ka kashe!" amma aikin gama ya gama. Bahago ya murɗa makulli. Ƙyas. Ya sake, ƙyas, ba ko tari. Demarer, abin da ke tayar da moter, ya mutu murus.

Ya juyo ya dubi ƙanensa, ya daɗe yana dubansa.

Maganar ta fito guntu-guntu. Tun tafiyar da ta wuce demarer ya ƙone. Mai motar ya ce a bari sai an dawo daga wannan. Tura ta ake yi da safe. Tijjani ne da kansa ya murɗa bis ɗin don kar ta mutu in an tsaya. In za su kwana yakan ajiye ta a kan tudu mai tsauri. Ai ba shi kaɗai ke yin haka ba, in ji shi.

"In ta kafe cikin rairayi ta mutu fa?" Bahago ya tambaya. "Wa zai tura ta? Matan da ka ɗauko da goyo?"

"Allah na nan, Yaya."

"Allah na nan, shi ya sa ka ɓoye musu? Sun san motar da za su hau ba ta tashi?"

Tijjani ya sunkuyar da kai.

Bahago ya tofar da yawu. Ya sha jin labarin motocin da aka tsinta a Tenere, kapo a buɗe, jarkoki a bushe, mutane a kwance a inuwar taya. Kullum yakan tsine wa direban da bai sani ba. Yau ga direban tsaye a gabansa, da hancin ubansu a fuskarsa. Tir! Ƙyama ta kama shi har ya ji ba ya son inuwarsu ta haɗu.

An aika kasuwa, ba a samu demarer irin nata ba. Mai motar ya turo saƙo cewa tafiya ba fashi, in Bahago ba zai mayar da bis ɗin yadda yake ba, akwai masu gyara da yawa a gari. Gaskiyarsa kuwa, akwai su.

Bahago na da tsohuwar kat-kat irin ta, wadda yake janyo motocin da suka mace a hanya da ita, rabin abincin gidansa daga nan yake fitowa. Ya shiga ƙarƙashinta ya kwance demarer, ya ɗaura wa motar Tijjani. Ya murɗa makulli ta tashi, ya kashe ya sake, ta tashi.

"Yaya, na gode. Wallahi in na dawo..."

"Ba don kai na yi ba. Ɗauki motarka ka ba ni wuri."

Sun je Segedin sun dawo lafiya, ba fasinjan da ya san komai. Tijjani ya maido demarer da buhun dabino. Bahago ya karɓi ƙarfensa, ya ce a mayar da dabinon.

Tun daga lokacin ya daina zuwa cin abinci zauren Inna. Yakan je ya gaishe ta, in an kawo kwano sai ya miƙe. Da abin ya ishe ta, wata rana ta riƙe masa bakin riga.

"Kai ne babba," ta ce. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Idon Bahago ya ciko.

"Ban yanke ba, Inna," ya ce. "Amma na kasa cin abinci da shi."