Lambun Kumandan Mai Ƙofa Ɗaya

Wata Laraba a ƙarshen sanyi, shekarar da na cika sha huɗu, na ga Illa maƙerin azurfa ya haura katanga kamar ɗan akuya. Mutum ne da ko kunama ta harbe shi sai ya gyara rawani kafin ya ce wash. Ina kan reshen magarya a lambun kumandan, ina cin 'ya'yan da Baba ya hana ni taɓawa, sai ga shi ya shigo shan inuwa. Bai kai ga zama ba wata tsohuwa ta doso ƙofa da tiren cuku a ka. Illa ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tattare riga ya yi sama. Har yau ina rantsuwa ƙafarsa ba ta taɓa katangar ba.

Baba ne mai kula da lambun. Shekara uku muna ɗauko ruwa a salka bisa jaki, har dabino da lalle suka kama ƙasa. Kumandan, Bafaranshen da ke riƙe da Agadez, shi ya sa aka kewaye wurin don mutanen gari su huta, da ƙofa ɗaya siririya da hanya ɗaya miƙaƙƙiya. Amma ban da ƙadangaru babu mai zama. Kumandan ya ce in wata ya ƙare ba a ga jama'a ba, za a mai da shi garken raƙuman soja. Baba ya daina cin abinci sosai, don itatuwan nan ya fi sanin lafiyarsu da tawa.

Aka tura mai fassara, wani baƙo daga bakin teku, ya bi unguwa-unguwa yana tambayar abin da za a gyara. Ko'ina amsa ɗaya ce: "Ya yi kyau, Allah ya ƙara wa kumandan lafiya." Ni kuwa tsallen Illa ya hana ni sukuni. Na ba Inna labari tana daka, ta yi dariya har taɓarya ta kuɓuce mata, ta ce, "Ke dai! Surukarsa ce." A garinmu namiji ba ya haɗa ido da uwar matarsa. A cikin gari da sauƙi, lungu yana nan, sai ka shige. Sati guda na yi a kan magarya ina kallo. Namiji ya leƙo, ya hango mayafi, ya juya. Mace ta leƙo, ta hango rawani, ta juya. Gari ne da kowa surukin wani ne.

Ranar taron ƙarshe da kumandan ya kira, dattawa suka zauna a bakin ƙofa, kowa ya ja rawani har hanci. Wa zai ɗauko zancen suruka a bainar jama'a? Suka soma "ya yi kyau" ɗinsu, na ga Baba ya sunkuyar da kai. Daga saman itace na kwarma ihu, "Ai wurin gudu ne babu! In surukarka ta shigo ta ina za ka fita?" Har jakinmu sai da ya daina tauna. Sau uku kumandan ya sa aka maimaita masa, sannan ya tambaya ƙofa nawa ake so. Wani tsoho ya amsa daga cikin rawani, "Huɗu, ranka ya daɗe. Biyar ma ba laifi."

Aka fasa ƙofofi biyar. Kafin wata ya ƙare sai ka yi sammako kake samun inuwa, raƙuma kuma aka nema musu wani wuri. Ni na sha ludayi a ka wajen Inna saboda rashin kunya, tana dukan tana dariya.

Yanzu motocin masu zuwa haƙar zinariya a Jado ne ke lodi a wurin, babu ko kututture. Jikokina suna shan shayi da surukansu a tabarma ɗaya, ban kuma ce sun yi laifi ba. Ina dai kewar garin da kunya take iya fasa katanga.